Tsuntsayen Nijeriya da Mazaunansu: Daga Bauchi zuwa Bakin Teku



Babu manomin da ke kewayen birnin Bauchi wanda bai san shamuwa ba. Da zarar an ga ta sauka a kan manyan itatuwan gari tana ɗibar ƙirare domin yin sheƙa, sai kowa ya fito da garma da fartanya, a zaɓi iri, gama an san damina ta ƙarato. Idan kaka ta yi kuma sai a neme ta a rasa. Masana sun bi sawunta, sun tabbatar cewa ƙetare ƙasashe take yi zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda ruwa ke sauka a lokacin da nan ake rani, ta ci fara da tsutsa a can, sa'an nan ta komo. Haka kuma akwai irin tsattsewar da ke tasowa daga ƙasashen Turai, ta ratsa Bahar Rum da hamadar Sahara, ta zo ta yi rani a ƙasar nan.

Ke nan tsuntsu bai san iyakar jiha ko ta ƙasa ba, kuma abin da ya sami mazauninsa a wani wuri mai nisa shi ne zai yanke ko za a sake ganinsa a Bauchi baɗi. Manufar wannan jawabi ita ce a bayyana wa jama'a wuraren da ake zuwa kallon tsuntsaye a Nijeriya, watau tsaunuka, da kurmi, da dazuzzukan bakin teku, a kuma nuna dalilin da ya sa kiyaye su ya zama wajibi a kan kowa. Allah ya albarkaci ƙasar nan da tsuntsaye fiye da iri 900, kuma kowane iri da inda yake iya rayuwa.

A Fara Daga Gida

Hausawa sun ce sai an ci gida kafin a ci daji. Mutumin Bauchi ba ya bukatar doguwar tafiya kafin ya fara, domin Dajin Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai daga birni. An keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Ya zama gandun daji na Gwamnatin Tarayya a 1991, aka mayar da shi hannun Gwamnatin Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244.

Yawancin baƙi giwaye suke zuwa gani, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Amma an ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 350 a wannan daji. Da rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, namun daji da tsuntsaye duka sukan taru a gefen kogin Gaji. Wanda ya fita da asuba tare da ma'aikacin daji zai ga zabi da makwarwa suna kiwo, da burtu yana takawa cikin ƙasaita, da cilakowa, da zalɓe tsaye a bakin ruwa yana dakon kifi, da carki a bayan ɓauna yana cire mata kaska.

Tsaunuka

Daga Bauchi idan aka nufi yamma, tafiyar kimanin kilomita 130, sai a hau tudun Jos, wanda tsayinsa ya kai mita 1,200 bisa matakin teku. Kusa da Jos, a ƙauyen Laminga, akwai ɗan ƙaramin daji mai duwatsu da ake kira Amurum. A nan aka kafa Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A. P. Leventis a shekarar 2001, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos da mutanen ƙauyen, kuma ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama suna zuwa neman babban digiri a cikinta.

Akwai wani abin mamaki da ya faru a waɗannan duwatsu. Wani ɗan baƙin tsuntsu na tudun Jos, macensa ba ta yin sheƙa. A sheƙar wani take zuba ƙwanta, a ƙyanƙyashe mata, a reni 'ya'yan. Namijin kuwa in ya girma, kukan wanda ya rene shi yake kwaikwaya. Wani masani daga Amurka, Robert Payne, ya lura cewa kukan da wannan tsuntsu yake kwaikwaya bai yi daidai da na kowane tsuntsu da aka sani ba. Da aka bi diddigi sai aka gano mai renon, wani ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu, aka bayyana shi ga duniya a matsayin sabon iri a shekarar 1998. Wannan ya isa shaida cewa kunne da haƙuri suna iya tono abin da ido ya daɗe yana wucewa.

Can kudu maso gabas, a Jihohin Taraba da Adamawa, akwai Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane girma a ƙasar nan, da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a Nijeriya. A tsaunin Mambila kuma akwai kurmin Ngel Nyaki, haka nan a tsaunin Obudu na Jihar Kuros Riba akwai ƙananan kurame cikin kwazazzabai. Tsuntsayen waɗannan wurare sun saba da sanyi da hazo, kuma waɗansunsu ba a samunsu ko'ina a duniya sai a tsaunukan da ke kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Idan gobarar daji ko gatari suka cinye kurmin, ba su da inda za su koma, gama zafin ƙasan tsauni ba ya karɓarsu.

Kurmi

Kurmin kudu daji ne mai duhu, inda ruwan sama ke zuba yawancin watannin shekara, itatuwa kuma su yi tsawo har rana ba ta isa ƙasa sosai. Mafi girman abin da ya rage yana cikin Gandun Dajin Kuros Riba, wanda aka kafa a 1991, mai sassa biyu, Oban da Okwangwo. Akwai kuma Gandun Dajin Okomu a Jihar Edo. A nan ne gidan aku mai ruwan toka da jar wutsiya, da manyan dangin cilakowa waɗanda ake jin ƙarar fikafikansu tun kafin a gan su. Waɗannan tsuntsaye suna cin 'ya'yan itace su yar da ƙwallon a nesa, saboda haka su ne masu shuka kurmin. Akwai kuma wani tsuntsu mai sanƙo, mai launin shuɗi da ja a ka, wanda ke gina sheƙarsa da laka a jikin duwatsu cikin duhun kurmi. Masu kallon tsuntsaye sukan taso daga ƙasashen waje musamman dominsa.

Kusa da dutsen Afi, a yankin Boje, nan ne tsattsewar Turai ke taruwa ta kwana cikin dogayen ciyayi na gangaren dutse, miliyoyi a lokaci guda, har sama ta yi duhu da magariba. An sha kama waɗanda ke ɗauke da zobe a ƙafa, wanda masana suka sa musu a Turai, abin da ya tabbatar da doguwar tafiyar da suke yi.

Dazuzzukan Bakin Teku

Inda kogin Kwara ya rarrabu kafin ya faɗa teku, a Jihohin Ribas da Bayelsa da Delta, akwai wani irin daji da mutumin Arewa zai yi mamakinsa. Itatuwansa cikin ruwan gishiri da taɓo suke tsiro, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu. Babu ƙasar Afirka da ta kai Nijeriya yawan wannan daji. Da kwalekwale ake shiga kallon tsuntsayensa: zalɓe iri-iri, da gaggafa mai kamun kifi, da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke zuwa daga arewacin duniya su yi kiwo cikin taɓo in ruwa ya janye. Cikin saiwoyin nan ne kifi da jatan lande ke girma, har a busar da su a kawo kasuwannin Arewa.

Wannan daji yana fuskantar haɗari. Tun da aka sami man fetur a Oloibiri a 1956, malalar mai ta kashe itatuwa da yawa; rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya nuna cewa gyaran ɓarnar zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Bugu da ƙari, wani irin kaba na Asiya da aka shigo da shi Kalaba a 1906 yana ta mamaye gurbin itatuwan asali.

Darasin Ungulu

Kada wani ya ce wannan matsalar mutanen nesa ce. Dattawan Bauchi suna tune da lokacin da ungulu ke cika mayanka da bakin kasuwa. Yau yara da yawa sun tashi ba su taɓa ganin ta ba sai a karin magana. Kamun ta da ake yi domin sayar da sassan jikinta ga masu neman asiri, da guba, da sare manyan itatuwa, su suka ƙarar da ita, har a shekarar 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ɓacewa daga duniya. An ce ungulu ba ta jewar banza, kuma gaskiya ne, domin ita ce mai share mushe kafin ya zama cuta. A Indiya, sa'ad da wani maganin shanu ya hallaka fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu tun daga shekarun 1990, karnukan da ba su da iyayengiji sun yawaita a kan mushe, ciwon haukan kare kuma ya ƙaru, sai da gwamnati ta hana maganin a 2006. Gauraka ma, mai kambi a ka, wanda aka sani a fadamun Arewa, ya zama da wuyar gani. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da Ake Bukata Daga Jama'a

Doka mai lamba 11 ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka tsananta hukuncinta, ta hana kamawa da fataucin namun daji da tsuntsayen da ke cikin haɗari. A 2016 ne kuma ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk wanda ya sayi aku a keji a bakin titi, ya sani yana taimakon wanda ya wawashe kurmi ne.

Ana roƙon manoma da makiyaya su guji cinna wa daji wuta, su bar itatuwan da shamuwa ke sheƙa a kai. Ana roƙon sarakuna da malamai su ja kunnen masu cinikin ungulu. Malaman makaranta kuma su riƙa fita da yara da sassafe, cikin tufafi marasa ƙyalli, ba surutu, ba danƙon harbi, kowa da littafi da fensir, a rubuta sunan tsuntsu da rana da wurin da aka gan shi. Madubin hangen nesa yana da amfani, amma rashinsa ba ya hana farawa. Tun 2015 cibiyar nan ta Jos ta fara tattara irin waɗannan bayanai daga hannun 'yan sa-kai domin zana taswirar tsuntsayen ƙasa. Mai niyyar zuwa wurare masu nisa kuwa, lalle ya fara tuntuɓar hukumar gandun daji a kan halin hanya da samun jagora.

Kakanni sun bar wa na yanzu ƙasa mai shamuwa da ungulu da gauraka. Hakki ne a kan na yanzu su miƙa ta ga na baya yadda suka karɓe ta.

Allah ya taimaki Nijeriya.