Ciwon Hanta Nau'in C Yana Warkewa, Amma A Bi Ta Hannun Likita

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Gaya da Ajingi, na Kademi da Shagogo, na Toranke da Gafasa da Kunkurawa. Iyayenmu mata da ke cikin gida, a ɗan ƙara muryar rediyon, don maganar yau har da ku.

Da zarar an ce ciwon hanta, hankalin kowa kan nau'in B yake tafiya, kuma da gaskiyarku, shi ya fi yawa a wajenmu. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna cikin manya ɗari, kusan takwas na ɗauke da B, ɗaya kuma na ɗauke da C. Kada ku raina ɗayan nan. Ku tuna yawan jama'ar da ke cika filin idi a Gaya. Shi C mugun shiru gare shi. Yakan yi shekara ashirin yana cin hanta, mai shi yana noma, yana cin kasuwa, ido bai yi rawaya ba balle a ce shawara ce. Sai ran da ciki ya kumbura ko aka yi aman jini a fara salati.

To ga albishir: C yana warkewa, warkewa ta gaske. A da allura ake yi duk mako, wata shida har zuwa shekara, ga zazzaɓi ga ciwon jiki, kuma kusan rabi ne kawai ke dacewa. A 2013 aka fito da ƙwayar sofosbuvir. Ana haɗa ta da daclatasvir ko velpatasvir, a sha sau ɗaya a rana, galibi mako 12. Cikin mutum 100 da suka sha yadda aka ce, sama da 95 suna rabuwa da cutar. Da ta fito a Amurka, dala 84,000 ne kuɗin maganin mutum ɗaya. Yau kamfanonin Indiya da Masar suna yin irinta, farashi ya faɗi warwas.

Tunda na ambaci Masar, bari in ɗan ratse. Abin da ya cika ƙasar da C, allurar tsargiya ce da aka riƙa yi wa mutanen karkara shekaru masu yawa da sirinjin da ba a tsabtace shi sosai ba. Magani aka je yi, aka raba cuta. Amma da suka tashi tsaye a 2018, sun gwada mutum sama da miliyan 50, suka bai wa masu cutar magani, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2023 cewa su ne kan gaba a hanyar kawar da ita.

Yanzu ga abin da ke damuna. Na san halinmu. Wani yana jin sunan maganin nan zai rubuta a takarda, gobe ya ba direban motar Kano ya sayo masa. Don Allah kar ka yi haka, malam. Garaje ba ƙarfi ba ne.

Gwajin farko da ake ɗiga jini a kan ɗan tsinke, abin da yake nunawa shi ne cutar ta taɓa shiga jikinka. Kusan mutum uku cikin goma jikinsu yakan kore ta da kansa. Sai an yi gwaji na biyu, mai nemo ƙwayar cutar kanta a cikin jini, kafin a ce kana buƙatar magani. In ba haka ba, ka sayar da akuya a banza.

Sannan a gwada B kafin ka haɗiyi ƙwaya ko ɗaya. Wannan ku riƙe shi da kyau. Mai ɗauke da su biyun, idan aka kashe C, B ɗin da ke kwance yana iya farkawa ya auka wa hanta, kuma an rasa rayuka ta haka. Likita ya san yadda zai tare wannan. Mai kemis ba zai tambaye ka ba.

Maganin kansa ba shi da wahala: ɗan ciwon kai, kasala, wani lokaci tashin zuciya. Haɗarin yana wajen gamin gambiza. Rifampicin na masu tarin tibi yana kashe masa ƙarfi. Haka magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenobarbital. Akwai na zuciya, amiodarone, wanda in ya haɗu da sofosbuvir bugun zuciya kan yi ƙasa sosai. Masu ciwon sukari a riƙa aunawa, don yana iya sauka. Ku tattara duk abin da kuke sha a leda ku kai wa likita, har da jiƙe-jiƙe da sassaƙe, kada a ji kunya. Masu lasifikar nan na ranar kasuwa da kwalba ɗaya mai maganin hanta da basir da sanyi, ku ji tsoron Allah. Hantar da ta riga ta jigata kuke ƙara wa kaya.

Mata masu ciki da masu shayarwa, ku faɗa tun kafin a rubuta. Akwai ribavirin da ake ƙara wa wasu, yana illata ɗan tayi, ko da mijin ne ke sha. Maigida, ka ji.

A fara daga asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Gaya, a nemi gwaji. Wanda hantarsa ta riga ta taɓu, sai manyan likitoci a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, kuma ko ya warke za a ci gaba da duba shi.

In an fara, a ƙarasa. Ban da tsallake rana, ban da ajiye rabi don an ji sauƙi, ban da ɗibar wa ɗan'uwa. Mako 12 bayan an gama shan maganin a koma gwaji, shi ne zai tabbatar an warke.

C ba shi da allurar rigakafi irin ta B, kuma wanda ya warke yana iya sake kamuwa. Ta jini yake bi. Ka je wa wanzami da askarka, ko a sa sabuwar reza a gabanka, wajen aski ne, ƙaho ne, kaciya ce ko yankan farce. Allura kuwa sabon sirinji kowane lokaci. Amma cin tuwo a kwano ɗaya ba ya yaɗa shi, saboda haka a daina ware wa mara lafiya kwano, wannan wulaƙanci ne kawai.

Na sake faɗa: gwaji biyu na C, gwajin B, sannan magani daga hannun likita. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, wassalamu alaikum.