Yadda Za Mu Jera Kaya a Rumfar Baje Koli

 

Uwar ƙungiya, shugabarmu, ma'aji da sakatariya, iyayena da yayyena da ƙannena, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya ƙara haɗa kanmu. Waɗanda muka fara tafiyar nan da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su da rahama.

An ce in yi magana a kan shirya rumfa, tunda an tsayar da shawara bana za mu kama rumfa ɗaya da kuɗin asusu a kasuwar baje koli ta Kano, wadda ake ci a filin Zoo Road wajen ƙarshen shekara. Kuɗin nan ba daga sama ya faɗo ba. Zubin da muke yi ne duk mako, har da na wadda sai ta soya ƙosai take samun abin zubawa. Idan aka tashi kasuwa ba mu fitar da kuɗin rumfa da na mota ba, ita aka cuta. Shi ya sa zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi wa wasu daɗi ba, a yi mini afuwa tun yanzu.

Baje koli ba kasuwar kullum ba ce. A kasuwar kullum mai sayenki ta san ki, ko a ƙarƙashin buhu kika ɓoye yaji za ta ce ki ɗauko mata. A can kuwa baƙo ne yake wucewa. Ya gaji, ya ga rumfuna ba adadi, ga manyan kamfanoni sun kunna lasifika har kunne na zafi. Rumfar da irinmu ke iya kamawa, taku uku ko huɗu mutum ya wuce ta. A cikin takun nan ne zai tsaya ko ya tafi, kuma kafin ki buɗe baki ki ce "a zo a duba", idonsa ya riga ya yanke hukunci.

To ga inda gizo ke saƙar. Mu ba mutum ɗaya ba ne, kayan mata da yawa ne a rumfa ɗaya, kuma kowa tana so nata ya kasance a gaba. Sai ka ga an jera kaya bisa girman masu shi: na Hajiya a gaba don ita ce babba, na wance a gefensa don kada ta yi fushi, na yarinyar da ta shigo bana can lungu. Iyayena, girmanku yana nan, ba mai taɓa shi. Amma mai saye bai san Hajiya ba, bai san wance ba. Abin da yake gani shi ne zanin gado kusa da daddawa, jakar fata a kan kuli-kuli, sai ya ɗauka kayan gwanjo ne ya yi gaba. Roƙona shi ne mu jera kaya bisa irinsa, ba bisa mai shi ba. Sabulun mata huɗu ne? A haɗa su wuri ɗaya. Sunan mai shi ya kasance a ɗan takarda a ƙarƙashin kayan da kuma cikin littafi, ba a wurin zama ba.

Sai maganar teburi. Da an ba mu teburi sai mu gindaya shi a bakin rumfa, mu koma baya mu zauna kamar masu karɓar kuɗin wuta. Mun toshe ƙofa kenan. Duk abin da ke bayanmu ba mai iya taɓawa, kuma mace ba ta sayen zane sai ta murza shi da yatsa. A jingina tebura da bango, ɗaya a gefe ɗaya a ƙurya, kamar harafin L. Waɗanda muka yi ajin yaƙi da jahilci tare sun gane. Tsakiya a bar ta fili, yadda mai goyo za ta shiga ta juya ba tare da ƙafar jariri ta ture kwalbar humra ba.

Kuma kada komai ya kwanta a shimfiɗe. Baza kaya a ƙasa na kasuwar ƙauye ne, a nan mai babbar riga ba zai durƙusa ba. Kwalayen da muka ɗauko kaya a ciki, a kife su a kan teburi, a rufa musu yadi, sun zama matattakala: ƙananan kaya a ƙasa, masu tsayi a sama. Yadin kuma ya zama mai launi ɗaya, fari ko baƙi, ba atamfa mai furanni ba, don atamfa tana cinye kwalliyar abin da aka ɗora mata. A ɗaure igiya a sama a rataye zanen rini, jakunkuna, faifai da mafici, su ne za a hango daga nesa ta saman kawunan mutane. Zanin gado ɗaya a warware shi gaba ɗaya a bangon baya, a ga aikin. Sauran su zauna a ninke.

Ba sai an fito da duk abin da aka zo da shi ba. Uku ko huɗu na kowane iri sun isa. Ragowar a ƙarƙashin teburi, yadi ya sauka har ƙasa ya rufe, tare da kular abincinmu da sallaya da takalma.

Bari in daɗe kaɗan a kan ƙamshi, don nan ne asara take shigowa ba a ji motsinta ba. Duk abin da ke da mai a jikinsa yana zuƙar ƙamshi. Kuli-kuli, gyaɗa, alkaki, dubulan, ki ajiye su kusa da sabulu ko turaren wuta na yini ɗaya, ko a leda suke, gobe ki ɗanɗana ki ji. Wanda ya saya ya kai gida ya ji sabulu a bakinsa ba zai dawo ya yi ƙorafi ba, sai dai ba zai sake sayen komai namu ba. Haka daddawa: ita ce sarauniyar miya, amma in ta kwana kusa da mayafi, mai mayafin ta shiga uku. Don haka kayan ci ɓangare guda, kayan ƙamshi da na shafawa ɗaya ɓangaren, tufafi da kayan saƙa a baya su shiga tsakani. Daddawa kuwa sai a roba mai murfi. Ko a motar da za ta kai mu kada a haɗa su buhu ɗaya.

Turaren wuta yana jawo mutane, wannan gaskiya ne, ɗan hayaƙi kaɗan a bakin rumfa ya fi kira da baki. Amma sai an tambayi masu shirya kasuwar ko sun yarda da garwashi, kuma kasko ya yi nesa da yadi da leda. Lokacin hunturu ne, komai a bushe yake, ga iska. Rumfa ɗaya ta kama, layin duka ya tafi.

Tunda na ambaci hunturu: ƙura ba ta jin kunyar kowa. A tanadi tsumma, duk bayan ɗan lokaci a goge kwalabe. A kuma tura mutum biyu tun ana gobe za a buɗe, su ga ta ina rana take shiga rumfar da hantsi da la'asar. Man kaɗe yana narkewa, in ya sake daskarewa kamanninsa ya canja. Rini kuma yana koɗewa, gefen da rana ta doka daban, gefen ninki daban.

To me za a sa a gaba? Abin da kuɗinsa bai kai mutum ya yi dogon tunani ba: ƙaramin ƙullin yaji, ɗan sabulu, kwalbar turare 'yar mitsitsiya, da faranti mai murfi na ɗanɗano. Wanda ya tsaya don abin naira 500, shi ne zai ɗaga kai ya ga jakar fata a ciki. Masu tsada da masu fashewa su koma ciki, inda ido yake kansu kuma hannun yara bai kai. Don kada a ce an yi son kai, kusurwar gaba a riƙa juya ta: yau sabulun wannan, gobe na waccan. Kuma duk wadda take tsaron rumfa, kayan kowa nata ne. Ba mai saye ya ɗauki turaren 'yar'uwarki ki ce masa ga wani da ya fi shi ba, alhali naki kike nufi. Wannan ɗabi'a tana kashe ƙungiya fiye da bashi.

Farashi a rubuta shi. Na san za a ce ina daɗin kasuwa in ba ciniki. Ai ba a hana ciniki ba, a bar ɗan abin ragi. Amma mutane da yawa ba sa tambaya, kunya suke ji kada a faɗi kuɗin da ba su da shi a gaban jama'a, sai su wuce. Kwali da biro mai kauri, lambobi manya-manya. Ga amfanin karatun da muka yi da girmanmu, ba sai mun jira ɗa ya taso daga makaranta ba. A littafi kuma kowace mai kaya ta faɗi ƙarshen abin da za a iya sallamawa, don kada mai tsaro ta riƙa kiran waya alhali mai saye na tsaye.

Kuɗi kuma hannu ɗaya zai riƙa karɓa, a ƙuryar ciki, jaka a ɗaure a ƙugu, littafi a kusa, ana sayarwa ana rubutawa nan take. Tun wahalar canjin kuɗi ta 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ta waya, saboda haka lambar asusun ƙungiya a rubuta ta ɓaro-ɓaro a manna inda kowa zai gani. Kada kaya ya bar rumfa don an nuna miki saƙo a wayar mai saye, sai kin ga shigar kuɗin a tamu wayar. A ajiye 'yan takardu masu lambar wayar ƙungiya, a jefa ɗaya a kowace leda. Sau da yawa babban cinikin baje koli bayan an tashi yake zuwa, mai shago ya kira ya ce a kawo masa dozin-dozin.

Saura mu kanmu. Mutum biyu, in ya yi yawa uku, su ne a rumfa a lokaci ɗaya. Ba gidan suna ba ne. In muka cika ta muna hira, magidancin da ya zo saya wa iyalinsa turare ba zai iya kutsawa cikin mata ba, zai tsaya daga nesa ya tafi. Kujera a ƙurya, ɗaya tana tsaye a gefen ƙofa da fara'a, ba kai a sunkuye ana danna waya ba. Salla a yi ta bi da bi. A zo da fitila mai caji ko biyu, don bayan magariba ma ana ciniki, kuma wuta ba ta da alkawari.

Abin da nake roƙon shugaba shi ne a sa mana rana, mako biyu kafin a buɗe kasuwar. A tambayo faɗi da tsawon rumfar, mu zana shi da toka a tsakar gidan da muke taro, kowa ta kawo samfurin kayanta mu jera. Sai mu sa 'yan matanmu su wuce ta gaba kamar baƙi, su faɗa mana abin da idonsu ya fara gani da abin da ba su gani ba sam. In da gardama, a yi ta a nan cikin gida. Wanda yake da waya mai kyau cikin 'ya'yanmu ya ɗauki hoton jerin da aka amince da shi, ran shiga kasuwa hoton za a bi.

 Allah ya sa mu fita a sa'a, ya ba mu kasuwa mai albarka.