Kalmar Turanci "Visit" da Wuraren da Ake Gamuwa da Ita

Jawabin wannan wata a kan kalma ɗaya ne tak ta Turanci. Haruffanta biyar ne: V, I, S, I, T. Harafin farko babu shi a abacadar Hausa, shi ya sa mutane da yawa ke cewa "bizit". Mai son ya faɗe shi daidai sai ya ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Harafin S na tsakiya kuwa da muryar Z ake faɗinsa.

Ma'anar kalmar ita ce zuwa wurin wani, ko wani wuri, a ɗan daɗe sannan a komo gida. A nan Bahaushe ya fi Bature yawan kalmomi. In mara lafiya za a gani, dubiya ce. In rasuwa aka yi, gaisuwa ce ko ta'aziyya. In haihuwa ce, barka. Amarya takan je ganin gida, mai jego ta yi yawon arba'in, 'yan'uwa kuma su yi zumunci. Bature na iya tattara waɗannan duka ya ce visit. Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce ziyara, wadda aka aro daga Larabci.

Inda mutumin karkara ya fi gamuwa da kalmar nan shi ne asibiti. A ce mutum ya taso daga ƙauye da sassafe, ya biya kuɗin mota, yana riƙe da ƙwaryar fura zai duba wansa. Ya iso da hantsi, maigadi ya ce ba shiga. Sai rai ya ɓaci, har a yi cacar baki. Alhali ga allo nan a bakin ƙofa an rubuta VISITING HOURS, wato lokacin dubiya, da lambobin ƙarfe a ƙarƙashi. Ba wulaƙanci ba ne. Da safe likitoci ke zagayen duba marasa lafiya, ana wanke ciwo, ana ba da magani. Kowane asibiti da nasa lokacin, saboda haka gara a tambaya tun kafin a baro gida. In kuma aka ga NO VISITORS a jikin ƙofar wani ɗaki, to, an hana baƙi shiga ke nan. Visitor shi ne mai ziyara, in aka ƙara S a ƙarshe ya zama masu ziyara.

Akwai wanda ya fi wannan muhimmanci. A jikin wasu katunan awo da na rigakafi ana rubuta NEXT VISIT. Ma'anarsa ranar dawowa. A nan ba zumunci ake nufi ba, zuwa ganin ma'aikaciyar lafiya ake nufi. Kwanan wata yana biye da shi: rana, sai wata, sai shekara. In an rubuta 12/3, to, 12 ga watan Maris ke nan. Mace da yawa takan ajiye katin a cikin kwalla, ba ta san ranar ta wuce ba. Jariri kuwa ana yi masa rigakafi da haihuwa, sai yana da mako 6, mako 10, mako 14, sai kuma wata 9 a yi masa ta ƙyanda, a ƙara masa wata daga baya. Duk ranar da aka tsallake, kariyarsa ba ta cika ba. Haka mai juna biyu. A da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau 4 aƙalla, amma a shekarar 2016 ta mai da shi sau 8. Maigidan da ya iya karanta kalmomin nan biyu shi zai riƙa tuna wa iyalinsa, ya kuma tanadi kuɗin mota tun da wuri.

Kalmar takan sake kama kaɗan. Visited na nufin an riga an je, visiting kuma ana cikin yi. Wani lokaci a ji an ce pay a visit. Pay dai biya ne, amma a nan ba ruwansa da kuɗi, kai ziyara kawai ake nufi. In shugaban wata ƙasa ya zo a hukumance, 'yan jarida su ce state visit. Dattawa ba su manta zuwan Sarauniyar Ingila Nijeriya a 1956 ba, lokacin da aka yi mata hawan daba a Kaduna.

Asalin kalmar daga harshen Latin ne, daga wata kalma mai nufin gani. Biza ma daga nan ta fito, wato takardar da hukuma ta gani ta amince. Saboda haka masu niyyar fita waje su buɗe ido. In aka buga wa mutum biza mai ɗauke da VISIT a fasfo, izinin ziyara aka ba shi na 'yan kwanaki. Ba izinin zama ba ne, ba kuma na neman aiki ba. Hukumomin Saudiyya sun sha sanarwa cewa bizar ziyara ba ta ba mutum damar yin aikin Hajji. Wasu dillalai sukan karɓi kuɗin mutum, wani ma sai da ya sayar da gona ko shanu, su ce masa bizar aiki ce ko ta Hajji, alhali ta ziyara ce. In ya wuce kwanakinsa a kama shi, a ci shi tara, a dawo da shi gida. Kafin ya shirya kaya, ya buɗe fasfo ya duba irin bizar da idonsa, ya ga ko kwana nawa aka ba shi.