Kafin a Kwance Famfon Mai, a Duba Solinoid

 Yau magana ta direbobi ce da makanikai, da duk mai janareto mai shan gas.

Injin dizal ba shi da filogi. Matsin iska ne ke kunna man, don haka hanyar kashe shi ita ce a datse masa mai. A famfon nan mai juyawa, samfurin VE na kamfanin Bosch, wanda Denso ma ke ƙera irinsa a tsofaffin Hilux da Hiace, wannan aiki na solinoid ne. Ɗan ƙarfe ne da aka ɗaure a kan famfon, kusa da inda bututun nozul ke fita, da waya guda a kansa. Ka murɗa makulli, wuta ta shiga, maganaɗisu ya ɗaga ɗan sandan da ke ciki, mai ya wuce. Ka kashe makulli, sifirin ya mayar da sandan, bakinsa na roba ya toshe hanya, inji ya mutu.

To, in mota tana ta juyi ba ta tashi, kada a yi saurin cewa famfo ya lalace. Ka sa yaro ya buɗe makulli ya rufe, kai kuma ka ɗora yatsa a kan solinoid. Lafiyayye zai yi ƙas. In shiru ka ji, ka gwada wayar da ƙwan gwaji ko mita: wuta bolt 12 ake nema, ko 24 a manyan motoci. Babu wuta? Ashe laifin na fiyus ne, ko makulli, ko wata waya da zafi ya cinye. In kana son tabbaci, ka cire giya, ka jawo waya daga kan batir mai alamar tarawa ka taɓa kan solinoid ɗin. Ya yi ƙara, solinoid ya kuɓuta. Bai yi ba, shi ne ya lalace.

Sai dai ƙarar ma tana ruɗi. Wani yana aiki da sanyin safiya, ya ɗau zafi ya saki, mota ta mutu a tsakiyar titi, ta huce ta tashi kamar ba ita ba. Sau da yawa ma ɗan noti ne kawai ya kwance a kan wayar.

Akwai kuma motar da za a zare makulli tana ci gaba da aiki. Nan sandan ne ya maƙale ko robar ta cinye. A wanke wurin tas, a kwance solinoid ɗin da sifana mai lamba 24, a lura kada sifirin ya faɗi. In ka ga garin ƙarfe manne a jiki, wannan kam famfon ne ke cin kansa, sai a kai wa masu gyaran famfo.

Wasu na zare sandan gaba ɗaya don su kai gida. Dabara ce ta kan hanya, ban hana ba, amma daga nan makulli ba zai kashe motar ba, sai an sa giya an taka birki an saki kuloci. Barin ta haka wata da watanni ganganci ne.

Masu sabbin motocin da kwamfuta ke sarrafa nozul ɗinsu, kada ku wahalar da kanku da neman wannan ɗan ƙarfe. Naku sai an jona na'urar gwaji.