Jawabi a Taron Ƙungiyarmu Kan Haƙƙin Masu Masaukinmu

 

Ni ba lauya ba ne, albasa nake kaiwa Bori, ƙasar Ogoni. Amma wanda ya daɗe yana shan ruwan mutane, ya kamata ya san kukansu.

Jama'a, mutanen nan manoma ne da masunta. Man fetur ya malala ya ɓata musu gonaki da ruwa. A 1990 suka rubuta kokensu ga gwamnati. Ran 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a nan Fatakwal, bayan shari'ar kotun musamman da ba a ɗaukaka ƙara. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyaran ƙasar zai iya cin shekara 30.

To, ku dubi mutanen Bodo. Mai ya zuba musu a 2008, suka haɗa kai, suka kai ƙara har Landan. A 2015 kamfanin Shell ya yarda ya biya su fam miliyan 55. Shekara bakwai fa! Wane talaka ne zai iya wannan shi kaɗai?

Shawarata biyu. Kada ɗayanmu ya sayi fili mai rigima a bayan idon masu shi. Sannan mu buɗe asusun lauya, kowa ya riƙa sa abin da ya sawwaƙa, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya zaunar da mu lafiya. Wassalamu alaikum.