Kuɗin Taimako Na Gwamnatin Tarayya: Mai Karɓa Da Mai Miƙawa

Jawabin da Jami'in Watsa Labaru ya yi wa hakimai da malamansu a Illo, cikin ƙasar Gwandu.

Ni yaro ne, a cikinku akwai waɗanda suka riƙe littafin gunduma tun ba a haife ni ba, saboda haka ban zo koya muku lissafi ba. An aiko ni ne in bayyana yadda ake riƙon kuɗin taimako da Gwamnatin Tarayya take saukarwa domin makarantu da asibitocin karkara, da abin da yake sa a tsayar da su.

Bari in fara da abin da kuka fi ni sani. A zamanin En'e, tun daga wajen 1911 da aka kafa Baitulmali a masarautun Arewa har zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kuɗi hawa suke yi. Mai gida ya ba mai unguwa, mai unguwa ya ba dagaci, dagaci ya kawo wa hakimi, hakimi ya aika Birnin Kebbi wurin Ma'aji. Takarda kuwa sauka take yi, gama rasit daga Baitulmali yake fitowa har ya kai hannun wanda ya biya haraji, ya ninke shi ya sa a hula. In kwabo ya ɓace a hanya, kowa ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. To, yanzu al'amarin ya juya. Kuɗi ne ke saukowa daga Abuja, takarda ce ke hawa. In takarda ba ta hau ba, kuɗin da ke biye ba su sauko ba.

Kafin mu yi nisa sai mu rarrabe, don kuwa duk abin da ya fito daga sama talakawa suna ce da shi kuɗin gwamnati, alhali ba iri ɗaya ba ne. Akwai kason wata-wata da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi daga asusun Tarayya, wanda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga Yuli 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi nasu kai tsaye. Wannan haƙƙi ne. Akwai kuma bashi, kamar shirin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a nan Jihar Kebbi cikin Nuwamba 2015. Kun ga da idonku yadda waɗansu suka ɗauke shi kyauta, da irin wahalar da aka sha wajen karɓo shi. Na uku shi ne maganarmu ta yau, watau taimako mai sharaɗi. Ba a neman a biya shi, amma ba kyautar Salla ba ce. An ba da shi ne don aiki kaza, cikin lokaci kaza, kuma mai bayarwa yana da ikon ya zo ya ce a nuna masa.

Dokoki biyu suka fi shafarmu. Ta farko ita ce dokar ilmin farko ta 2004. Ta ce a keɓe abin da bai kasa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ba, a ba hukumar UBEC. Amma jiha ba ta taɓa rabonta na gine-gine sai ta ajiye nata, watau rabin kuɗin aikin, ta kuma kawo tsarin abin da za ta yi. Daga nan kuɗi su shiga hannun hukumar SUBEB ta jiha. Wani sashe kuma yakan sauko har wurin kwamitin makaranta na gari, inda mutanen gari kan sa tasu gudummawa, ko kuɗi, ko yashi, ko aikin gayya. An sha yin shekaru kuɗi masu yawa suna kwance a Abuja da sunan jihohi dabam dabam, ba don an hana su ba, sai don ba su cika sharaɗi ba, yara kuwa suna zaune a ƙasa.

Ta biyu ita ce dokar lafiya ta 2014, wadda ta kafa asusun kiwon lafiya na farko da abin da bai kasa kashi 1 cikin 100 ba. Dokar da kanta ta yi kasafi: rabi don biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani ta hanyar inshora, kashi 20 don magunguna da allurar rigakafi, 15 don gyaran asibiti da kayan aiki da sufuri, 10 don ma'aikata, 5 don haɗari da gaggawa. Niyya ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti guda da kuɗi za su riƙa shiga asusunsa na banki duk wata uku, babban ma'aikacin asibitin da shugaban kwamitin raya mazaɓa su ne masu sa hannu. Ina roƙon malamai su rubuta wannan da zan faɗa, don yana cikin dokar ƙarara: ba za a sake sakin kuɗi ba in ba a gamsu an kashe na baya bisa ƙa'ida ba, ko kuwa in jiha ko ƙaramar hukuma ba ta sa nata kaso ba.

To, ga inda maganar take. A cikin wannan tsani kusan kowa mai karɓa ne, kuma mai miƙawa ne. Jiha ta karɓa daga Tarayya ta miƙa wa ƙaramar hukuma ko asibiti, asibiti ya miƙa wa kafinta ko mai kwalekwale. Mutane da yawa suna tsammani da zarar sun miƙa, kaya sun sauka daga kansu. Ba haka ba ne. Ku tuna da kiwo: in Bafillace ya karɓi shanunka ya damƙa wa yaronsa, saniya ta ɓata, ba yaron za ka kai ƙara ba. Haka Abuja ba ta san malamin asibitin Illo ko na Lolo ba, Birnin Kebbi ta sani. Birnin Kebbi kuwa Bagudo za ta tambaya. Saboda haka tilas mai miƙawa ya gaya wa na ƙasa da shi sharuɗɗan a rubuce, ya riƙa leƙa shi tun aiki yana tafiya, ya karɓi takardunsa ya duba kafin ya wuce da su gaba.

Kada ku ce don an raina mu ne. A Amurka, mai arziki ke nan, tun 1984 suke da doka cewa jiha ko ƙaramar hukumar da ta ci kuɗin taimakon gwamnatin tarayyarsu mai yawa, tilas mai binciken kuɗi ya duba littattafanta. Daga Oktoba 2024 iyakar ita ce dala miliyan 1 a shekara, a da dala 750,000 ce. Suna ajiye takardu shekara uku, kuma wanda ya miƙa wa wani shi ke da alhakin sa masa ido. Mu ma an taɓa kama ƙasarmu bisa wannan ƙa'ida. A 2014 ƙungiyar Gavi, mai taimakon ƙasashe da allurar rigakafin yara, ta binciki kuɗin da ta ba Nijeriya, ta ce dala miliyan 2.2 ba a kashe su bisa hanya ba, Gwamnatin Tarayya ta mayar da su. In ƙasa ɗungum ta mayar da kuɗi, ina ga kwamitin mazaɓa?

Ba sata ce kaɗai ke tsayar da kuɗi ba, kuma wannan shi ya fi damuna. Na taɓa zuwa wani asibitin karkara, ba zan faɗi garin ba. Iskar farkon damina ta yaye kwanon ɗakin haihuwa. Malamin asibitin, mutumin kirki ne, kowa ya shaide shi, ya ɗebi kuɗin da aka tsara don magani ya kira kafinta aka rufe ɗakin cikin kwana biyu. Ko sisi bai ci ba. Amma gyaran rufi ba ya cikin tsarin wata ukun da aka sa wa hannu, bai nemi izini ba, kafinta kuma bai ba shi ko ƙyallen takarda ba. Da masu duba lissafi suka zo suka tarar da rami a littafi, sai aka riƙe kuɗin gaba har a warware. Kafin a warware damina ta wuce, kuma a cikin watannin zazzaɓi mata suna zuwa da yara ana rubuta musu magani su je su saya a kasuwa. Na tambaye shi me ya hana shi rubuta wasiƙa. Ya ce, “Malam, ruwa na zuba a kan mai naƙuda, wa ke tunanin wasiƙa?” Ban iya ce masa kome ba a ranar. Yau dai ina cewa: a rufe ɗakin, amma a daren nan shugaban kwamiti ya tara mutanensa a rubuta abin da ya faru, da safe a aika Bagudo, a ajiye kwafi. Layi biyar sun isa. Da an yi haka, da magana ta ƙare a zama guda.

Ni ma ina ganin laifin na sama a wani wuri, ba zan ɓoye muku ba. Takardun sun cika yawa, da Turanci suke, kuma wani lokaci kuɗi sukan makara sa'an nan a ce a kawo lissafi da gaggawa. Wannan kuka ne na gaskiya, ya kamata hakimai su kai shi gaban Mai Martaba da shugaban ƙaramar hukuma. Amma kukan ba ya maye gurbin rasit.

Ƙasar Illo tana da nata matsaloli da na Birnin Kebbi ba su cika tunawa da su ba. Ga Kwara ta raba ƙasar Bagudo, in ta cika sai da jirgin ruwa, mai jirgi kuwa ba ya yawo da littafin rasit. Maganin wannan ku kuka ƙirƙiro shi tun da: malami ya rubuta takardar biya, ranar kaza an ba wane naira kaza don ƙetare da kaya kaza, mai jirgi ya dangwala yatsa, shaidu biyu su sa hannu. A rubuta ta a bakin ruwa, a ranar. Wadda aka zauna aka rubuta guda ashirin da biro ɗaya daren da za a zo bincike, ko yaron ofis yana gane ta.

Sa'an nan ga iyaka. Daga nan zuwa ƙasar Benin tafiyar hantsi ce, dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, kuma mai zuwa Malanville ko Segbana yakan tarar wani abu ya fi araha. Da kuɗin aljihunka wannan ruwanka ne da ma'aikatan kwastan. Da kuɗin taimako kuwa, a yi haƙuri. Rasit na sefa, da Faransanci, ba wanda zai karɓe shi a littafin naira, kuma maganin da ba shi da lambar NAFDAC bai halatta ya shiga asibiti ba kome arharsa. Haka kuma hanyar da ke shigo da kaya ita ke fitar da su. Gidan sauro ko magani da aka rubuta “ba na sayarwa ba” a jikinsa, in aka gan shi a kasuwar ƙetare, sunan gundumarku ne zai shiga rahoto. Ban ce a kori mara lafiya don ya fito daga hayi ba, Allah ya kiyaye. A duba shi, a rubuta sunansa da garinsa na gaskiya a rajista. Abin da aka hana shi ne kwali ya fita ba a rubuta inda ya tafi ba.

Wani zai ce, tun 1976 an raba hakimi da Baitulmali, ba ya sa hannu a cak, to, mene ne nasa a ciki? Ranku ya daɗe, naku ya fi na mai sa hannu. Ba a kafa kwamitin makaranta ko na mazaɓa a ƙasarku ba da saninku ba. In aka sa mutum don ɗan gidan wane ne, alhali bai iya karanta takardar banki ba, to, an mai da shi hatimi, duk abin da aka miƙo zai dangwala. A sa mai karatu, ko na boko ko na ajami, a sa mata don su suka fi zuwa asibitin, kuma kada ma'ajin kwamiti ya zama ƙanin ɗan kwangila. Filin da za a yi gini, ku ne shaidarsa. A rubuta kyautar filin tun mai shi yana da rai. In ɗan kwangila ya zo a sa masa hannu cewa aiki ya ƙare, kada dagaci ya yarda sai an je an ƙirga tagogi da kujeru. Tun 2019 hukumar ICPC take bin ayyukan mazaɓu gari gari tana dubawa, kuma in ta zo, sa hannun da ke kan takarda za ta bi.

Abu guda nake roƙo, wanda ba doka ce ta ɗora muku ba. Kowane malamin hakimi ya buɗe littafi ɗaya na kuɗin taimako, kowane aiki da shafinsa, kada a gwama na makaranta da na asibiti. A rubuta ranar da kuɗi suka shigo, da nawa ne, da abin da aka ce a yi da su, da masu sa hannu, da ranar da aka aika lissafi. Duk wata uku shugaban kwamiti ya zo fada ya karanta a gaban dagatai, a kuma manna kwafi a ƙofar asibitin ko makarantar. Amfaninsa yakan fito ne ran da aka yi wa ma'aikaci canji. Shi ya tafi Yawuri ko Zuru da abin da ke cikin kansa, sabo ya zo bai san inda aka kwana ba, amma hakimi yana nan, littafinsa yana nan.

Na zo da kwafin takardar tsarin wata uku da ta lissafi. Bayan Azahar, in iyayen ƙasa sun yi izini, zan zauna da malamai a zauren nan mu cika guda tare, layi layi, da Hausa. Wanda ya zo da tsohon littafinsa ya fito da shi.