Ƙaramar Hukuma da Rayuwar Unguwa a Birnin Kano

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron ƙungiyar ɗalibai)



An ɗora mana nauyin mu yi magana a kan ƙaramar hukuma, watau gwamnatin nan da ta fi kowace kusa da ƙofar gidan talaka, wadda kuma mu 'yan boko muka fi jahilta. Da za a ta da kowa a zauren nan a tambaye shi sunan Shugaban Ƙasa da na Gwamna da na ministan kuɗi, da ba wanda zai yi inda-inda. Amma a ce ya faɗi sunan kansilan mazaɓarsa, ko ya kwatanta inda ake samunsa, sai a shiga sosa ƙeya. Alhali kuwa kwatar da ta toshe a lungunmu, da jujin da ya cinye rabin hanya, da ɗakin shan maganin da ake rufewa tun la'asar, duk a takarda suna wuyan hukumar da wannan kansila yake zama a majalisarta.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, don kada a ce ƙage muke yi. Sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da cewa majalisun da jama'a suka zaɓa su ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Jadawali na Huɗu kuma ya jero ayyukansu: kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da ban-ɗakin jama'a, hanyoyin cikin unguwa da magudanan ruwa da fitilun titi, kwashe shara, maƙabartu, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da aure da mutuwa, lasin kekuna da amalanke da baro, sa'an nan da haɗa hannu da jiha wajen ilmin firamare da yaƙi da jahilci da kiwon lafiya. Wanda ya dubi wannan jeri da idon basira zai ga rayuwar mutum ce sukutum, tun daga ranar suna har ranar da za a kai shi makwanci.

Kakanninmu sun san wata hukuma kafin wannan, ita ce En'e. Ba mu zo yi mata kirari ba. Zaluncin da aka tafka da sunanta, na wulaƙanta talaka a kan haraji da ɗaure 'yan adawa a kotunan alƙalai, yana cikin abin da ya haifi NEPU a 1950, kuma a cikin wannan shekara ce Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi mata gyara. Amma ko maƙiyinta ya san tana da haƙora. En'e ta Kano tana da baitulmalinta, da 'yan dokarta, da gidan yarinta, da asibitinta na cikin birni, ita ce kuma ta jawo ruwan famfo daga Challawa a farkon shekarun 1930. Har yau tsofaffi suna ba da labarin duba-gari, wanda in ya shigo gida ya leƙa randa ya ga tsutsa, to, mai gida sai ya amsa kira. Bayan juyin mulkin 1966 aka raba En'e da 'yan doka da gidajen yari da kotuna. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a ƙasa baki ɗaya, aka ce sun zama mataki na uku na gwamnati, da kasonsu daga asusun tarayya. Aka yi ta ƙirƙiro sababbi har suka kai 774 a 1996, 44 daga ciki a Jihar Kano.

A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Talaka ya yi murna, ya kuwa cancanci ya yi murna, domin ya daɗe yana shan uƙuba a kansu. Sai dai akwai abin da ya biyo baya wanda ba a cika faɗa ba. Hukumar da ke tara kuɗinta daga aljihun mutanen gari dole ta riƙa duban fuskarsu. Wadda abincinta ke zuwa daga Abuja ƙarshen kowane wata kuwa, fuskar mai rabo take duba. Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, amma sashe na 162 ya sa kuɗin ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, inda gwamnoni suka shekara da shekaru suna yanka suna ba ciyaman abin da suka ga dama. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Hukunci ne babba. To amma an shiga 2025 ana ta kai-kawo a kan yadda za a aiwatar da shi, kuma ko da kuɗin ya sauka a hannun ciyaman, in dai gwamna ne ya ɗauko shi ya tsayar, hukumar zaɓen jiha ta sanar jam'iyya mai mulki ta lashe kujeru duka, kamar yadda aka saba gani a jihohi da dama, an gudu ne ba a tsira ba.

Mu dubi sufuri, domin shi ne ya fi taɓa ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci kowace safiya. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin birni. Tun daga nan nauyin jigilar miliyoyin mutane ya koma kan A Daidaita Sahu, babur mai ƙafa uku da aka shigo da shi zamanin Malam Ibrahim Shekarau da nufin ɗaukar mata. Kowa ya ga irin dogaron da birnin ya yi a kansa a watan Fabrairun 2021, lokacin da direbobi suka tafi yajin aiki a kan harajin naira 100 na kullum, da kuma Janairun 2022 da suka sake ajiye aiki a kan kuɗin rajista. Ɗalibai da 'yan kasuwa da masu jinya suka yi ta taka sayyada daga wannan ƙofa zuwa waccan. Birni kamar Kano, cibiyar kasuwancin Arewa, ya tsaya cik saboda ba shi da wani abin hawa na jama'a da zai iya ɗaukar wannan nauyi. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin mota ya bi ta.

A duk wannan rigima ba a ji muryar ƙaramar hukuma ba, domin rajista da tara da tsarin hanya suna hannun KAROTA, hukumar jiha. Za mu yi adalci a nan. Birnin Kano ya rarrabu tsakanin ƙananan hukumomi takwas, watau Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, kuma mai A Daidaita yakan ratsa uku ko huɗu a ɗauka ɗaya. Da kowace za ta kafa shingenta ta yanka rasit, da an shiga uku. Saboda haka akwai hujja a bar manyan tituna ga jiha. Abin da ba mu ga hujjarsa ba shi ne, a tsaya ana nuna mana gadojin sama na Ƙofar Nasarawa da Dangi, alhali da damina ta sauka direba ba ya yarda ya shiga lungunan Rimin Kebe ko Ɗorayi ko Sheka sai an ninka masa kuɗi. Mace mai naƙuda a cikin lungu da tsakar dare, gadar sama ba ta amfana mata kome in ba a iya fito da ita bakin titi ba. Wannan ɗan taƙi na tsakanin ƙofar gida da kwalta shi ne rabon ƙaramar hukuma, shi ne kuma aka bari.

Batun lafiya ya fi wannan ɗaci. Tun taron Alma-Ata na 1978 duniya ta amince cewa lafiya daga tushe take farawa, kuma zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985, aka damƙa wannan mataki ga ƙananan hukumomi. Daga baya, da aka ga albashi ba ya fita, magani ba ya isa, sai aka tattara shi ƙarƙashin hukumomin lafiya matakin farko na jihohi, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da shi. Manufa ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti ɗaya mai aiki sosai, Jihar Kano kuwa mazaɓu 484 gare ta.

Sai ga mashaƙo. Daga ƙarshen 2022 cutar ta ɓarke, kuma mafi yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu a Nijeriya a Jihar Kano suke, akasarinsu yara. Abin takaici shi ne, wannan cuta ce da aka daɗe da sanin rigakafinta. Allura ce da ake yi wa jariri sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14 da haihuwa, kyauta. Duk yaron da mashaƙo ya shaƙe, a bayansa akwai wani ƙaramin abu da ya kuskure: ko firjin ajiye allura ba wuta, ko uwa ta je sau biyu ba ta tarar da ma'aikaci ba ta haƙura, ko uba ya hana saboda jita-jitar da ba wanda ya zauna ya warware masa. Kuma mun san ana iyawa, domin mun ga yadda aka yi da shan inna. Jihar da ta dakatar da rigakafinsa a 2003 ita ce daga baya hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai suka tashi tsaye, aka bi gida gida, har aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Hanyar da aka bi tana nan. Abin tambaya shi ne, don me ba ta aiki sai in akwai kuɗin ƙasashen waje da motocin kamfe?

Game da tsaro maganarmu gajeriya ce. 'Yan sanda na tarayya ne, ciyaman ba shi da ko kurtu ɗaya. Da ƙwacen waya da faɗan daba suka addabi unguwanni, mutane suka koma ga 'yan sintiri, ana bi gida gida ana karɓar abin da ya sawwaƙa. Muna jinjina musu, amma mai gora da ba wanda ke sa masa ido, wata rana kan marar laifi za ta sauka. Abin da ke hannun ƙaramar hukuma a nan shi ne fitila da lambar gida. Ɓarawo abokin duhu ne, kuma motar kashe gobara ba ta gane kwatancen "bayan gidan mai, daura da bishiyar darbejiya".

Duk da haka unguwa ba ta mutu ba, wannan kuwa shi ne abin da ya kamata masu mulki su ji kunyarsa. Kafin ruwan farko za ka ga samari sun fito da shebur da baro suna yashe kwata ta hanyar aikin gayya. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai su ke cike ramuka, su ke gyara katangar maƙabarta, su ke haɗa kuɗin gyaran famfon burtsatse. Amma sai a tara dagwalon a bakin hanya, motar kwasa ba ta zo ba, ruwa ya sauko ya mai da shi inda aka ciro shi. An cike kududdufan da tun kaka da kakanni suke shanye ruwan birni an yi gini a kansu, an toshe hanyoyin ruwa da shaguna, sa'an nan a yi mamaki da ambaliya ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata dukiya mai yawa. Ruwa ba ya manta hanyarsa, mu ne muke mantawa.

Yanzu sai mu juyo kanmu, mu da yayyenmu ma'aikata. A cikinmu wa yake fatan a tura shi aiki sakatariyar ƙaramar hukuma? Kowa Abuja yake hange, ko banki, ko wata ƙungiyar Turawa, wanda aka kai ƙauye kuwa sai a yi ta yi masa jaje kamar an yi masa mutuwa. In masu ilmin lissafin kuɗi da aikin injiniya da kiwon lafiya sun guje wa wurin, ba mu da bakin zargin waɗanda suka cike gurbin. Kuma sakatariyar da ba ta cika sai ranar albashi, ma'aikata irinmu ne suka mai da ita haka.

Ga abin da muke roƙo a yi a hutun nan mai zuwa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana buga abin da aka raba wa kowace ƙaramar hukuma wata wata, kowa yana iya dubawa a wayarsa. Kowane ɗalibi ya nemo na garinsu na wata shida ya rubuta. Ya je asibitin mazaɓarsa, cikin ladabi, ya tambayi ranar rigakafi, ya ga ko firji yana aiki, ya ji ko akwai ungozoma mai kwana. Ya ƙirga fitilun titinsu, nawa ke kamawa. Ya sami mai unguwa ya gaishe shi, ya nemi a haɗa shi da kansila, ya tambaye shi yaushe majalisarsu ta yi zaman ƙarshe da abin da aka zartar. In an dawo, muna roƙon kwamitin mujalla ya ware shafi biyu a fitowa ta gaba, a buga abin da kowa ya samo, mazaɓa mazaɓa, da kwanan watan da ya je, a kuma aika wa kowane ciyaman da kwafinsa.